Hannun Mai Tsoma Ƙarfe: Nazarin Ciwon Fatar Wani Lebura a Legas

Matashin da wannan nazari ya shafa ɗan wani ƙauye ne a jihar Jigawa, shekarunsa ba su kai talatin ba. Ci-rani ya kawo shi Legas, ya sauka Agege wurin kawunsa, ya fara da jari-bola. Yana tura kura unguwa-unguwa, ya tsinto tsofaffin ƙarafa da wayoyin wuta da matattun batira, ya kai wa masu sikeli, su kuma su yi lodi zuwa kasuwar ƙarfe ta Owode Onirin. Yana cikin haka wani ɗan garinsu ya yi masa hanya a wata ƙaramar masana'anta ta wajen Ikorodu, inda ake yi wa ƙarfe rufi mai ƙyalli. Ƙafafun kujerun ofis, mariƙin ƙofa, kan famfo, ƙarafunan ado na babur, yawancin abin da ke ɗaukar ido a kanti ta irin wannan wuri ya ratso. A wurinsa ci gaba ne babba. Ya bar yawon rana, ya sami albashin mako, har an fara zancen aure a gida.

Na sakaya sunansa da na masana'antar. Ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibiti, ni ne kuma na yi masa tafinta lokacin da aka tura shi wurin likitar fata. Abin da zan kawo daga bakinsa na ji, hannun kuma na gan shi da idona.

Aikin da yake yi

Ana rataya kayan a jikin ƙugiyoyi, a bi da su tanki-tanki. Na farko ruwan soda ne mai zafi, mai cire maiƙo. Na biyu asid ne, mai cinye tsatsa. Daga nan sai tankin nikel, ruwansa kore shar, da ɗumi sosai, an jona masa lantarki. Wutar ce ke ɗebo nikel, wani farin ƙarfe mai ƙyalli, daga cikin ruwan ta manna shi a jikin ƙarfen. Na ƙarshe shi ne tankin kurom, ruwa ja-ja mai duhu, wanda asid ɗin kuromiyom aka narka a ciki. Tsakanin kowane tanki da na gabansa akwai ɗauraya.

Shi aikinsa ɗaga ƙugiyoyin ne daga wannan tanki zuwa wancan, ya ɗauraye, ya sauke kayan da suka gama, ya rataya sababbi, tun safe har magariba, kwana shida a mako. Duk ɗagawa sai ruwan ya gangaro ta jikin ƙugiya, ya bi yatsunsa zuwa wuyan hannu. In wani abu ya suɓuce ya faɗa tanki kuma bai nitse da nisa ba, hannu ake sa wa a lalubo shi, saboda tsayar da layi yana jawo faɗan foman.

A makon farko an ba shi safar hannu ta roba, gajera, iyakarta wuyan hannu. Ba ta daɗe ba bakin ƙarfe ya huda ta, ba a kuma sake ba shi wata ba. Ya ci gaba da sa hujajjar, ruwan tanki na shiga ciki ya haɗu da gumi, hannun ya wuni a jiƙe. Da ya ga ba dama sai ya cire kuɗi daga aljihunsa ya sayi safar fata irin ta masu walda, yana ganin ya yi wa kansa gata. Famfo ɗaya ne a masana'antar, can bakin ƙofa. In an tashi aiki sai a zuba kananzir ko tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, a tafin hannu a murje baƙin maiƙo, sannan a bi da omo da yashi. Haka ya tarar da na gabansa suna yi, haka shi ma ya ɗora.

Yadda ciwon ya faro

Watannin farko bushewa ce kawai da kaushi, fatar bayan hannu ta yi furu-furu. Ya ɗauka kantar aiki ce, wadda duk mai neman halak ba ya rasa ta. Daga baya ƙaiƙayi ya shigo, musamman da dare, tare da ƙananan ƙuraje masu ruwa a gefen yatsu da tsakankaninsu. Yana susa suna fashewa, su yi ta tsatsar ruwa, su bushe, fatar ta tsage a kan gaɓoɓi. Sai kuma wani ɗan rauni da ƙarfe ya yi masa a gaɓar yatsan tsakiya ya ƙi warkewa. Maimakon ya haɗe, sai ya riƙa nitsewa ciki, ya zama rami zagayayye.

Ya je kemis. Mai kemis ya tambaye shi su nawa ke kwana a ɗaki, da ya ji suna da yawa sai ya yanke cewa ƙazuwa ce, ya ba shi ruwan shafawa. Maganin ƙazuwa a kan tsagaggiyar fata wuta ne, ya ce daren nan bai rintsa ba. Ga shi kuma a cikin abokan kwanansa babu wanda ke susa sai shi da wani da suke layi ɗaya a wurin aiki, alhali ƙazuwa in ta shiga ɗaki ba ta zaɓe. Wani kemis ɗin ya ce makero ne, ya ba shi man nan mai haɗi uku da ake sayarwa ko'ina. A cikinsa akwai sinadarin da ke danne kumburi, don haka kwana kaɗan sai abin ya lafa, ya yi murna. Yana daina shafawa ya dawo. Kawunsa ya dafa masa ganyen darbejiya, ya kawo man kaɗe. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce ciwon a jini yake, har an sami mai raɗa masa cewa jifa ne, tunda ya sami aikin da wasu ke nema. A cikin duk abin da aka ba shi, man kaɗen ne kaɗai ya yi daidai da bukatar fatar, shi ma bai isa ba tunda washegari hannun tanki zai koma.

Da Babbar Sallah ya tafi gida, ya yi 'yan makonni yana taya mahaifinsa aikin gona. Hannun ya bushe, tsagar ta rufe, ƙaiƙayin ya tafi, ramin nan kaɗai ya rage. Mahaifiyarsa ta ce ruwan Legas ne bai karɓe shi ba. Ya dawo aiki, mako bai zagayo ba ƙurajen suka fito fiye da da, har suka haura wuyan hannu. Duk ma'aikacin lafiyar da ya ji wannan labari na warkewa a hutu da dawowa a bakin aiki, ya kamata hankalinsa ya tafi kan sana'ar mutum kafin komai.

Akwai wahalar da ba a rubuta ta a katin asibiti. Alwala sau biyar a rana ta zama azaba, ruwa na shiga tsaga. Cin tuwo da hannu ya gagara saboda yajin miya, ya koma cokali, abokai na yi masa tsiya. A masallaci in an sallame ya kan yi sauri ya fita don kada a miƙo masa hannu ya ga yadda fuskar mutum za ta sauya. A wurin aiki kuwa ɓoye hannun yake yi a cikin safar fatar nan, domin ya ga yadda aka ce wa wani mai gyambo ya je ya warke tukuna, kuma kafin ya warke an sa wani a gurbinsa.

Abin da aka gani a asibiti

Bai zo wurinmu ba sai da hannun dama ya kumbura ya tara mugunya, kaluluwa ta fito masa a hammata, ga zazzaɓi. Kawunsa ne ya riƙo shi.

"Likita, ni dai a yi mini allurar da za ta kashe abin, gobe in koma aiki," in ji shi.

Na ce, "Ƙanena, wane irin aiki kake yi da hannun nan?"

Ya yi shiru, sannan ya ce tunda abin ya fara ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya. An tambaye shi abin da yake ci, da inda yake kwana, da ko akwai mai irin ciwon a danginsu. Aiki kuwa ba a taɓa tambaya ba.

Hannu biyun duka sun kamu, bayan hannu da tsakanin yatsu sun fi muni, fatar ta yi kauri ta yi baƙi, ciwon ya tsaya cak daidai inda bakin safa yake tsayawa. Ramin gaɓar yatsa zagayayye ne, mai zurfi, bakinsa a tashe, kuma da aka taɓa shi bai yi zafin da girmansa ya nuna ba. Da aka ce ya ɗaga riga sai ga wani baƙin tabo mai ƙaiƙayi a ƙasan cibiya, daidai inda kan bel ke gogar fata, da wani a inda bayan agogo ke zama. Shi bai taɓa haɗa waɗannan da ciwon hannu ba. Ya kuma ce yana yawan haɓo, hancinsa kullum da ɓawo a ciki.

An fara da abin da ya fi gaggawa, aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cutar da suka shiga raunukan, aka wanke aka ɗaure, sannan aka rubuta masa takardar zuwa sashen fata na wani asibitin koyarwa. Kawun ne ya yi tsaye a kan sai ya je. "Ɗana, aikin nan ba zai gudu da hannunka ba," ya ce masa, ya kuma biya kuɗin mota da na kati.

Bayan kumburin ya sauka, likitar fata ta yi masa gwajin liƙe. Ana ɗiga ɗan ƙanƙanin kowane sinadari da ake zargi a cikin ƙananan faya-fayai, a manna su a gadon baya, su yi awa 48 ba a jiƙa su ba. Sai a cire a duba, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu, domin irin wannan martani na jiki a makare yake zuwa. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, don haka likitar ba ta tsaya ga ido ba, da yatsa ta riƙa shafa kowane gurbi tana neman tudu da ƙananan ƙuraje. Gurbi biyu suka tashi sosai, na nikel da na kuromet, wato gishirin kuromiyom.

Wannan sakamako ba baƙo ba ne a Legas. Tun a shekarun 1980 Farfesa Yetunde Olumide, likitar fata a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, ta wallafa sakamakon irin wannan gwaji da ta yi wa majinyatanta, nikel da kuromet kuma suna cikin waɗanda suka fi fitowa. Ilimin yana nan cikin garin shekara da shekaru, bai dai isa ƙofar masana'anta da kantin kemis ba.

Ciwo uku a hannu ɗaya

Abin da ya ruɗa kowa shi ne ana neman suna ɗaya ga abin da yake uku ne, kowanne da hanyarsa.

Saman fatar mutum yana da wani siririn rufi na matattun ƙwayoyin fata da maiƙo, aikinsa kamar yaɓen katangar ƙasa ne: muddin yana nan ruwan sama zamewa yake yi, in ya zaizaye kuwa kowane yayyafi sai ya shiga jikin ginin. Ruwan soda da asid da jiƙon wuni guda suna zaizaye wannan rufi. Kananzir da tina suna narkar da maiƙon, omo da yashi su kankare abin da ya saura. Wato wankin hannun da yake yi da yamma don tsafta yana cikin abin da ya fi cutar da shi. Wannan shi ne ciwo na farko, kuma kowa zai iya kamuwa da shi in ya daɗe a irin wannan aiki. Shi ne bushewar da kaushin watannin farko. Da a nan aka tare, da magana ta ƙare, domin irin wannan yana warkewa sarai in an huta da abin da ke jawo shi.

Na biyu shi ne mai nauyin. Ta tsagar da ta buɗe, nikel da kuromiyom da ke narke a ruwan tanki suka riƙa shiga cikin fata kullum. A can suna manne wa sinadaran jikin mutum, garkuwar jiki kuma ta wayi gari ta ɗauke su abokan gaba. Daga ranar da hakan ta faru, ɗan abin da bai kai a gani da ido ba ya isa ya tayar da ƙuraje bayan kwana ɗaya zuwa uku, a duk inda ya taɓa. Shi ya sa kan bel da agogon da ya shekara yana sawa lafiya suka juya masa baya, gumi na narko nikel daga jikinsu. Garkuwar jiki ba ta mantuwa. Babu allura ko ƙwayar da ke goge wannan, mutum zai zauna da shi iyakar rayuwarsa. Wannan ita ce maganar da ta fi yi mini wuyar juyawa zuwa Hausa a gabansa, ba don kalmomin sun gagara ba, sai don ina kallon fuskarsa.

Kuromiyom iri biyu ne a nan. Wanda ke tankin, masana suna ce masa mai daraja shida, shi ne mai ratsa fata da sauƙi, mai kuma cin nama. Ɗayan mai daraja uku ne, wanda ake jeme mafi yawan fatun zamani da shi. Ga wanda jikinsa ya riga ya ƙi kuromiyom, fatar da aka jeme haka tana iya tayar da ciwon, balle in gumi ya jiƙa ta. Safar waldar da ya saya da kuɗin guminsa ta tsotse ruwan tanki ta riƙe shi a jikin fata, ita kanta kuma tana ƙara nata.

Na uku shi ne ramin gaɓar yatsa. Wannan ba ruwansa da garkuwar jiki. Asid ɗin kuromiyom ne ya sami ƙofa ta ɗan yanka ya yi ta cin nama zuwa ƙasa. Sananne ne ga masu wannan sana'a a duk duniya, yakan fito a gaɓoɓin yatsu da gindin farce, ba ya cika zafi, shi ya sa ake raina shi. Yana ɗaukar makonni ko watanni kafin ya cike, ya kuma bar tabo.

Haɓon da yake yi ɗan'uwan wannan rami ne. A tankin kurom mafi yawan wutar da ake sakawa ba rufi take yi ba, kumfar iska take tayarwa, kumfar na fashewa a saman ruwa tana watsa feshin asid da ido ba ya gani. Mai tsaye a bakin tanki shi ke shaƙa. Yana cin bangon da ya raba ƙofofin hanci biyu, in aka daɗe har ya huda shi. Nasa ya yi miki amma bai huje ba. Hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa kuromiyom mai daraja shida a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, musamman ta huhu ga masu shaƙarsa. Saboda haka ciwon hannun, duk da muninsa, shi ne ya fara tona abin da ke cikin iskar wurin, wadda duk ma'aikatan ke shaƙa har da waɗanda fatarsu ke lafiya lau.

Likitar ta kuma tsaya a kan dalma, da ta ji ya taɓa fasa batira a zamanin jari-bola, ga shi kuma sandunan da ke kai wuta cikin tankin kurom da dalma ake yin su. Dalma ba ta kawo ƙuraje, ba ta kuma cika ratsa lafiyayyar fata ba. Zama take yi a hannu da ƙarƙashin farce, ta bi loma ko goro ko sigari zuwa ciki, ta bi kayan aiki zuwa ɗaki. Mu 'yan Arewa ba ma bukatar dogon bayani a kan wannan, mun ga abin da ƙurar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu.

Abin da ya rage masa

Maganin kansa ba shi da tsawo. Man shafawa mai ƙarfi na ɗan lokaci a ƙarƙashin kulawar likita, basilin ko man kaɗe sau da yawa a rana musamman bayan alwala, sabulu mai laushi, a daina kananzir da tina da yashi, a rufe duk wani yanka kafin a taɓa komai. Ya sauya bel zuwa mai kan roba, ya ajiye agogo. A kan alwala ya tambayi limaminsu, aka gaya masa shari'a ta yarda a yi shafa a kan ɗaurin rauni in ruwa zai cutar, abin da ya sauke masa nauyi ƙwarai. Sharaɗin da ya fi duka shi ne kada hannun ya sake komawa tanki.

A nan lissafin ya tsaya masa. Ɗan ci-rani a Legas in aiki ya ƙwace, akwai wuraren da ya saba faɗawa, sai ga shi ciwon ya rufe su ɗaya bayan ɗaya. Leburancin gini ya fita, domin siminti yana ɗauke da kuromiyom mai daraja shida, jiƙaƙƙen siminti kuma da kansa yana ƙona fata. Shushaina wuni ne ana riƙe da fatar takalmi. Jari-bola komawa cikin ƙarfe ne. Acaba kuwa gwamnatin jihar ta hana shi a ƙananan hukumomi shida tun watan Yunin 2022, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, daga baya aka ƙara wasu. Wannan ɓangare ne ba a cika lissafawa ba in ana maganar ciwon fata na wurin aiki. Ana ganin ƙuraje ne kawai, alhali rabin hanyoyin cin abincin mutum aka toshe yana da ƙuruciyarsa. Likitar ta kuma gaya masa gaskiya cewa ciwon hannu na kuromet yana da naci, yakan riƙa tashi lokaci-lokaci ko bayan an bar aikin.

Abin da ke ci mini rai shi ne an daɗe da sanin yadda ake hana wannan. A Denmak tun 1981 aka fara zuba wani gishirin baƙin ƙarfe a siminti wanda ke mayar da kuromiyom mai daraja shida zuwa mai uku, ciwon hannun magina ya ragu a fili. Tarayyar Turai ta mayar da shi doka daga 2005, ta ce kada mai narkewa a ruwa ya wuce kashi 2 cikin miliyan. Tun 1994 kuma ta ƙayyade yawan nikel da abin da ke daɗewa a jikin fata zai iya saki, irin su agogo da sarƙa da maɓalli. A masana'antar rufin ƙarfe ma hanyoyin a bayyane suke: injin zuƙe iska a bakin tanki, sinadarin da ke danne feshi ko ƙwallayen roba masu yawo a saman ruwan, doguwar ƙugiya ko kwando na ciro abin da ya faɗa, safar roba mai kauri har gwiwar hannu da ta auduga a ciki saboda gumi, a sauya ta da zarar ta huje, famfo da sabulu kusa da layi, da wani mai duba hannu da hancin ma'aikata a kai a kai. Ga kayan ado ma akwai rufin da ake yi da kuromiyom mai daraja uku, wanda haɗarinsa bai kai na wancan ba. In aka cire injin iska da sauya tanki, sauran duka kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai masana'anta samar da wurin wanki da kayan kariya ga masu aiki da abu mai cutarwa. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa da cututtukan da aiki ke jawowa, ta sa masu ɗaukar aiki su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun da hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, NSITF, ke riƙe da shi. Jihar Legas tana da hukumarta ta kula da kariya a wuraren aiki. Amma duk waɗannan ƙofofi da takarda ake buɗe su, shi kuwa ba shi da ko ɗaya. Ta hannun ɗan kwangila aka ɗauke shi, ba katin shaida, ba takardar ɗaukar aiki, albashi a hannu ranar Asabar. Rahoton likitar fata shi ne takarda ta farko da ta haɗa sunansa da wannan aiki. Shawarata ga duk wanda ya sami kansa a wannan hali ita ce ya roƙi likita ya rubuta sana'arsa da sunan sinadarin a cikin rahoto, ya kuma adana shi, ko da bai yi niyyar kai ƙara ba a lokacin.

Shi bai kai ƙara ba. Ya ji tsoron a kori ɗan garinsu da ya yi masa hanya, ban kuma ga laifinsa ba. Kawunsa ya ɗauki wani dattijo daga cikin shugabannin Hausawan yankin, suka je da rahoton suka zauna da manaja. Aka yarda a mayar da shi sashen ɗaure kaya a kwali, inda babu ruwan tanki, da ragin albashi, yana sa safar auduga saboda kayan da yake ɗauka rufin nikel da kurom ne a jikinsu. Aka biya wani ɓangare na kuɗin magani. An sayo dogayen safofin roba ga masu layin tanki, an ja famfo zuwa ciki. Injin zuƙe iska an ce sai kasuwa ta gyaru.

Ramin yatsansa ya cike ya bar tabo, haɓon ya tsaya. Ƙaiƙayin yakan taso in zafi ya tsananta ko basilin ya yanke masa, sai ya zo a duba. An ɗage bikin aurensa zuwa bayan kaka saboda kuɗin da jinya ta ci, yana kuma tara jarin tireda don ya bar masana'antar gaba ɗaya. Abokin layinsa, wanda suke susa tare a ɗaki, ya ƙi zuwa gwaji, ya ce in aka gano irin na wancan ne shi ba shi da kawun da zai tsaya masa. Yaron da aka sa a gurbinsa a bakin tankin kurom ɗan garinsu ne, bai daɗe da sauka Legas ba. Matashin ya nuna masa tabon yatsansa, ya koya masa duba safa ta hanyar hura mata iska kafin ya sa, ya kuma ƙwace galan ɗin kananzir daga wurin wankin hannu.